Ranar da Ƙafafun Baba Suka Ƙi Tashi

Ƙannena da 'ya'yana na Ƙofar Mata, akwai wata cuta da nake so mu yi maganarta tun ba ta shigo gidan kowa ba. Ba ta da yawa. A cikin mutum ɗari da jini ya yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwa ko laka, wajen mutum ɗaya ne nasa ke faruwa a laka. Amma ranar da ta zo, ba likita ne zai fara ganinta ba. Ku ne. Ku ke da ƙarfin ɗaukar mutum, ku ke riƙe da waya, ku ke tuƙa Adaidaita Sahu, kuma ku za a aika. Abin da kuka yi a yinin farko, da abin da kuka jure yi a watannin da ke biye, shi ne mafi yawan abin da ɗan'adam ke iya yi wa wannan ciwo.

Ga yadda take zuwa. Magidanci ya yi sallar Azahar lafiyarsa ƙalau, ya koma bakin karofi ko rumfarsa ta kasuwa. Sai ya ji wani ciwo ya soke shi a gadon baya, ya zagayo ta haƙarƙari ko ta ƙugu. Ya ce iska ce, ko jiya ya kwanta ba daidai ba. Kafin La'asar ƙafafu sun yi nauyi, yana jan su. Kafin Magariba ya kasa ɗaga ko ɗaya. Mara ta cika ta yi tam, fitsari ya ƙi fita. Ga shi kuwa bakinsa bai karkace ba, harshensa bai karye ba, yana gane kowa, yana ba da amsa daidai. Wani a cikin 'yan mintuna abin ke gama kama shi, wani sai ya ɗauki awanni, amma galibi kafin awa 12 ya kai iyakarsa. Shanyewar ɓarin jiki da muka saba gani tana cin gefe guda, hannu da ƙafa da rabin fuska. Wannan kuwa a kwance take yanka mutum: daga wani wuri zuwa sama lafiya lau, daga nan zuwa ƙasa shiru, dama da hagu.

Duk wanda ya taɓa tsayawa ana sara ƙashin bayan ragon layya ya ga laka. Ita ce farar igiyar nan mai taushi da ke kwance a cikin ramin ƙashi, wadda yara ke zaƙulowa in an dafa. Ta babban mutum ba ta wuce kaurin ƙaramin yatsa ba, tsawonta wajen santimita 45, daga ƙeya zuwa ɗan sama da ƙugu. Duk umarnin da ƙwaƙwalwa ke aika wa ƙafa ta nan yake bi, duk labarin zafi da sanyi da taɓi da fata ke mayarwa ta nan yake hawa, haka riƙe fitsari da bayan gida. Ita ma nama ce mai rai, da jini take ci. Jijiya guda ɗaya siririya ce ke bi ta gabanta tana ciyar da kashi biyu cikin uku nata, wasu biyu kuma na bi ta baya suna ciyar da ragowar. Ta gaban nan ba ta iya kai jini tun daga sama har ƙasa ita kaɗai, sai wasu rassa sun riƙa ƙaro mata a hanya daga babbar jijiyar da ta fito daga zuciya ta gangara ciki, wadda likitoci ke kira awota. Mafi girman rassan nan yakan shigo ta hagu, wajen ƙarshen haƙarƙari, kuma ana kiransa da sunan Adamkiewicz, likita ɗan ƙasar Folan da ya yi bayaninsa a 1882. Wanda ya san noman rani a Kadawa ya san halin gonar da ke ƙarshen magudana: in ruwan Tiga ya ja baya, ita ce ke fara bushewa. Tsakiyar laka, daidai bayan ƙirji, haka take da jini.

Wannan rabo na gaba da baya shi ke haifar da wani abin da ke rikita 'yan gida. Hanyar motsi da hanyar jin zafi da sanyi suna ta gaba, su ne ke mutuwa. Hanyar sanin inda gaɓa take, da wani kaso na jin taɓi, tana ta baya, sau da yawa takan tsira. Sai ka ga ɗa ya durƙusa ya kama babban yatsan mahaifinsa.

“Baba, ka ji na taɓa ka?”

“Na ji.”

“To ɗaga ƙafar mana.”

“Wallahi na ɗaga a raina, ita ce ta ƙi.”

A nan ne wani zai ce ai ga shi yana ji, ba ciwon asibiti ba ne. Ku ɗauko ƙanƙara daga mai sayar da ruwan sanyi ku ɗora masa a ƙwauri, sannan ku ɗora a kafaɗa. A kafaɗa zai zabura, a ƙwauri ba zai ji sanyin ba. Wannan ba alamar iska ba ce, alama ce da kowane ɗalibin likitanci ke karantawa.

Me ke yanke jinin? A wajen manya, yawanci abin da ke lalata jijiyoyin jini a ko'ina ne: hawan jini da aka yi shekaru ba a kula da shi ba, ciwon suga, kitse a jini, taba sigari. Wani lokaci awotar ce kanta ke tsagewa ta ciki ko ta kumbura, ta toshe bakin rassan. Wani lokaci sai bayan babbar tiyata a kanta. Akwai kuma faɗuwar jini ƙasa warwas, kamar wanda zuciyarsa ta tsaya aka farfaɗo da shi, ko wanda ya zubar da jini mai yawa a haɗari ko wajen haihuwa. Kada ku ɗauka ta tsofaffi ce kawai. Mai sikila jininsa na iya cushe ƙananan jijiyoyi a laka kamar yadda yake yi a ƙashi. Hodar iblis tana matse jijiya har jini ya kasa wucewa. Akwai ma wani nau'i da ke samun matashi mai ƙarfi bayan ya yunƙura da kaya mai nauyi ko ya lanƙwasa baya fiye da kima: ɗan ɓarɓashin guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya ɓalle ya shiga jijiya. Wannan da wuya yake faruwa, ban faɗe shi don 'yan dakon Kantin Kwari ko masu ɗaga ƙarfe a gefen filin wasa na Sani Abacha su tsorata ba. Na faɗa ne don kada a ce yaro ne, ƙarya yake, ko raki ne. A wasu mutanen kuma har a gama bincike ba a gano dalili.

Yanzu ga inda zuciyata ta fi ƙuna. Ciwon da ya zo farat ɗaya, ba rauni, ba zazzaɓi, ga mutum da hankalinsa, sunan da muke saurin ba shi shi ne jifa, ko ya taka wani abu, ko an yi masa sammu saboda rumfa ko gado. Daga nan sai a rufe ƙofa. A kira mai ruƙiyya, a kira wanzami ya yi ƙaho a baya, a kira mai ɗori ya murɗa ƙugu, a turara, a shafa. Kwana uku, mako guda. Sai mara ta kumbura, fitsari ya fara ɗiga da kansa yana wari, zazzaɓi ya rufe shi, sannan a ce a tafi asibiti. Ga Asibitin Murtala nan a bakin ƙofarmu, wanda ke tsaye tun ƙarshen shekarun 1920 lokacin ana ce masa asibitin cikin gari. Mutane na ɗauko marasa lafiya daga Wudil da Bichi da Rano, har daga Nijar, su zo nan, mu kuwa da ke iya zuwa a ƙafa mu ne za mu makara. Ban hana ku addu'a ba, ni ma ita ce makamina. Ku yi ta a mota, ku yi ta a bakin imajansi, ku kira malam ya zo ya yi a gefen gado. Addininmu bai taɓa ce wa kowa ya zaɓi ɗaya tsakanin addu'a da neman magani ba.

Zan gaya muku gaskiya ko da ba ta da daɗi. In har binciken ya tabbatar jini ne ya yanke wa laka, babu wata allura da za a yi yau gobe mutum ya miƙe. Sashen da ya mutu ya mutu, wanda ya jigata bai mutu ba shi ake ƙoƙarin ceta. Sai wani ya ce to me ya sa za a yi gaggawa? Saboda daga ni har ku babu mai iya bambance wannan ciwo da 'yan'uwansa da ido, kuma da yawa daga cikin 'yan'uwan nan suna da magani in an zo da wuri. Tarin fuka yana cin ƙashin baya har ya danne laka, kuma a ƙasarmu ya fi yankewar jini yawa nesa ba kusa ba. Maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Tsargiya, wadda yaranmu ke ɗaukowa a kududdufi da magudanan rani, ƙwayayenta kan kai laka su kumbura ta, kuma maganin da ake rabawa a makarantu tare da na rage kumburi kan tayar da yaron da aka fid da rai da ƙafarsa. Ruwan mugunya ko ƙari ko gudan jini na iya danne laka, in likitan tiyata ya ɗage dannin a kwana ɗaya ko biyun farko ƙafa na iya dawowa, in an yi mako ta tafi ke nan. Akwai kumburin laka da ake yi wa allurai masu ƙarfi. Akwai ma wanda wani gishiri ne kawai ya yi ƙasa a jininsa, a ƙara masa ya tashi. Duk ranar da kuka ɓata a gida, ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi ce ke rufewa.

Kano ta riga ta sha wannan darasi a kan shan inna. Shekara da shekaru ana cewa Inna ce ke shanye ƙafar yara, ga shi da riga-kafi aka kore ta, har a watan Agustan 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji.

A yinin farko abubuwan da nake roƙonku ba su da yawa. Wani ya duba agogo ya rubuta lokacin da ciwon ya fara da lokacin da ƙafa ta daina motsi, domin ita ce tambayar farko da likita zai yi, kuma saurin kamun shi ke nuna masa hanya. Kada ku tsayar da shi ku ce ya gwada takawa. In akwai faɗuwa ko haɗari a cikin labarin, kada a naɗe shi a cusa a Adaidaita, kada a ɗora shi a babur. A samu ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum huɗu su ɗaga shi a miƙe, ɗaya na riƙe da kai, a nemi mota mai shimfiɗa. Kada ku auna jininsa ku ga ya hau ku ɗura masa maganin hawan jini biyu. Lakar da ke ƙishin jini tana bukatar jinin ya zo da ƙarfi, likitoci ma sukan bar shi ya ɗan hau da gangan. Kada ku ba shi asfirin don an ce yana tsinka jini, ba ku sani ba ko zubar jini ce a ciki. In ya ce ciwon yaga shi yake yi daga ƙirji zuwa baya, ko hannuwa ma sun fara mutuwa, ko numfashi na yi masa wuya, to ko takalmi kada ku tsaya nema. Ku kwashi duk kwalayen magungunan da yake sha, na asibiti da na gargajiya. In kuma abokinku ne, kun san yana shaƙar wani abu, ku ja likita gefe ku gaya masa. Rufin asirin da zai sa a yi masa maganin da ba nasa ba cin amana ne.

Za a nemi hoton MRI, domin hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna laka. Yana da tsada, kuma za a iya tura ku Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Ƙashi na Dala ko wata cibiyar hoto. Nan ne amfanin wayoyinku da ƙungiyoyinku na unguwa: kuɗin da ake haɗawa a yini guda don anko ana iya haɗa shi don hoto. Ku kuma sani hoton da aka ɗauka a awannin farko yakan fito babu komai, sai an sake bayan kwana ɗaya ko biyu tabon ya bayyana. In haka ta faru kada wani ya ce ai ga shi na'ura ma ba ta gani ba, a mayar da shi gida.

Sai dogon aikin, wanda ya fi na farko wuya domin babu mai yaba muku. Mutumin da lakarsa ta samu matsala ba mutuwar ƙafa ke kashe shi ba. Gyambon kwanciya ne, da ciwon mafitsara da ke hawa ƙoda, da gudan jini da ke daskarewa a ƙafa ya tafi huhu. Kafin yaƙin duniya na biyu yawancin masu raunin laka ba sa daɗewa a duniya, har a Turai. Wani likita Bajamushe mai suna Ludwig Guttmann, da ya gudo Ingila, ya buɗe musu sashe a asibitin Stoke Mandeville a 1944. Ba wani sabon magani ya zo da shi ba. Ya dage ne a juya majiyyaci duk bayan awa biyu, dare da rana, a kula da fitsarinsa cikin tsafta, a tashe shi ya yi aiki da wasa. Mace-mace suka ragu ƙwarai. Wasannin da ya fara shirya musu a 1948 su ne suka zama gasar naƙasassu ta duniya da aka fara a birnin Rum a 1960.

Abin da ya yi babu wanda ya fi ƙarfin gidan talaka a Ƙofar Mata, in akwai hannuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku zauna ku raba dare: wane daga Isha zuwa sha biyu, wane zuwa Asuba. Kowace juyawa ku ɗaga riga ku duba da fitilar waya: ƙashin gindin baya, gefen kwatangwalo biyu, dunduniya, idon sawu. A baƙar fata ba lallai ku ga ja ba. Ku nemi wurin da ya fi kewayensa duhu, ko ya yi sheƙi, ko ya yi ɗumi ko tauri a ƙarƙashin yatsa. In kun gani, kada a sake kwantar da shi a kan wurin sai ya koma daidai, kuma kada a murza. A sa matashi tsakanin gwiwoyi, a sa wani a ƙarƙashin ƙwauri don dunduniya ta rataya ba ta taɓa katifa ba. Zanin gado ya zama busasshe, a miƙe, babu ƙullin ɗinki, babu ɓarɓashin abinci. Ramin da ƙwayar gyaɗa ɗaya za ta haƙa a bayan mutum cikin dare guda sai a yi wata shida ana wanke shi.

Robar fitsarin da za a sa masa kuma kada ta lanƙwashe, jakar ta zauna ƙasa da mara kullum, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa, a canza ta a lokacin da ma'aikatan jinya suka ce. Kada ku rage masa ruwan sha don gudun wahalar zubarwa. In ciwon a sama yake, daga tsakiyar ƙirji zuwa wuya, ranar da kuka ga kansa na sarawa kwatsam, gumi na karyo masa a fuska, ku tayar da shi zaune ku duba robar, sau da yawa ita ce ta toshe, in bai lafa ba a tafi asibiti nan take. Da hunturu ku kiyayi kaskon wuta. Tausayi kan sa a matso masa da shi kusa da ƙafa, ko a gasa masa ƙafar da ruwan zafi wai jini ya motsa, shi kuwa ba ya jin ƙuna, sai an ji ƙauri. Ruwan wankansa ku fara gwadawa da gwiwar hannunku.

Na san akwai kunya. Ɗa namiji ya wanke wa mahaifinsa bayan gida, ko 'ya ta yi wa mahaifiyarta, abu ne mai nauyi a tarbiyyarmu, kuma ya fi nauyi a kan wanda ake yi wa. Ku rufe ƙofa, ku rufa masa zani, ku yi sallama kafin ku ɗaga, ku yi aikin ba tare da yamutsa fuska ba. Amma kada kunya ta zama mafakar lalaci, a bar wa Inna ko amarya ita kaɗai ɗaga ƙaton namiji sau goma sha biyu a yini har nata bayan ya lalace. Samari, wannan aikinku ne. Maganar alwala da salla da roba a jiki kuwa, ku tambayi malamai, akwai sauƙi mai yawa a shari'a, kada a bar shi yana zaton sallarsa ba ta karɓuwa.

Ku riƙe zuwa gashi da gaske. Masu gashin ƙashi za su koya muku yadda ake lanƙwasa kowace gaɓa a miƙar da ita kullum don kada ta sandare. Sauƙin wannan ciwo a hankali yake zuwa, wata da watanni, wani har bayan shekara yana ƙaruwa. Da yawa sukan koma tafiya, wasu da sanda, wasu da ƙarfen dogarawa, wasu kuma keke ne abin hawansu har ƙarshen rayuwa. Wanda yatsansa ya fara motsi a makonnin farko ya fi sa rai. Kada ku yi masa alkawarin ranar tashi, kada kuma ku yanke masa ƙauna. Duk mai maganin da ya ce a kawo kuɗi kaza zai tashe shi a kwana bakwai, ku riƙe kuɗinku ku sayi katifa mai kyau.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: kun saba ganin 'yan'uwanmu da shan inna ya shafa suna tafiya da hannu, suna buga ƙwallon guragu a kan katako mai taya, wasan da Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro a 1988. Su fatarsu na ji, in wuri ya dame su za su gyara zama. Mai ciwon laka ba haka yake ba. Jan gindi a ƙasa ko zama a kan katako tsirara zai huda shi. Keken da za a saya masa sai da matashin zama mai kauri, kuma ya koyi ɗaga jikinsa da hannuwa ko karkatawa gefe duk bayan minti 15 zuwa 30.

Ku da ƙafafunku ke ɗauke da ku yau, ku auna jininku ko da sau ɗaya a shekara, ku ja iyayenku su auna, wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi. Gwajin jini kafin aure ya zama doka a Jihar Kano tun 2024, ku yi shi saboda sikila tun kafin soyayya ta yi nisa.

In an sallamo shi, kada ɗaki ya zama kabarinsa. Marinin da ba ya iya tsayawa a bakin karofi da muciya yana iya zama ya yi ƙulli da ɗinkin zanen da za a rina, yana iya riƙe ciniki da lissafi, ya koya wa yara haɗin baba da toka. Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta wajabta wa gine-ginen jama'a hanyar keke, kuna da hakkin tambayarta a banki da makaranta da ofis. Amma ku fara da gida. Yawancin gidajenmu na cikin gari akwai tudu a bakin soro, ga kwata a lungu, ga ƙofar banɗaki ƙarama. Buhun siminti ɗaya da yashi sun isa a yi gangara a soro, a ɗora murfi a kan kwatar, ta yadda zai fita masallaci da majalisa ba sai an ɗauke shi ba. Kafin ku biya kuɗin keke, ku auna faɗin ƙofar ɗakinsa da ta banɗaki da igiya, ku tafi da igiyar kasuwa.